Yaron Nan

Jikana ya ajiye kare a gidansa na Gyallesu, wani ƙato mai gashi buzu-buzu wanda ko haushi ba ya yi sai ya ga dama. Ranar da na je yi wa matarsa barka da haihuwa, na tarar da wata yarinya likitar dabbobi tsugune a tsakar gida, ta sa safar hannu, ta buɗe bakin karen tana duba dasashinsa kamar mai cinikin doki. Aka ba ni kujera na zauna ina kallon ikon Allah. Ta yi masa allura, ta ɗura masa maganin tsutsar ciki, ta bi kunnuwansa tana neman kaska. Tana yi tana yi wa jikana bayani, wai wannan allurar ta ciwon da ke sa kare majina da kwantsa da karkarwa ce, waccan ta zawon jini ce mai kwashe 'yan kwikwiyo, ita kuwa ta haukan kare kada ya kuskura lokacinta ya zagayo bai sabunta ba. Ta ce in tsautsayi ya sa kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a nufi asibiti, kada a zauna jiran a ga abin da zai biyo baya. Sai ta juyo gare ni da fara'a ta ce, "Baba, ku a zamaninku ai ba ku san da wannan ba ko?" Na ce, "Mun sani, 'yata." A daidai lokacin mai jegon ta leƙo ta taga tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa gatsau, a gabana, a gaban mijinta, ko a jikinta. Sa'o'ina da sun ji haka sai sun yi salati sun ce duniya ta zo ƙarshe. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, kunya ta rufe ni, kuma ba ta mai jegon nake ji ba.

A cikin birni aka haife ni, can gefen ganuwa inda gidaje ke ƙarewa gonaki su soma. Yaran yanzu in ka ce musu an taɓa noma dawa a cikin ganuwar Zariya, sai su kalli juna su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ka. To, an noma, mun kuma ci. Da safe abin da ke tashinmu luguden mata ne daga gida zuwa gida, sai dukan mabuga a kan riguna, tim, tim, har hantsi ya ɗaga. In iska ta juyo daga arewa mukan jiyo kukan jirgin ƙasa daga Sabon Gari, mu tsaya cak da laujenmu a hannu muna saurare. Da yamma jemagu su ɓarke daga kan rimaye, kwaɗi su ɗauka a kududdufi. Aikina kullum shi ne yankan ciyawar awaki, shi ya sa hannuwana ba sa rabuwa da ƙarzunan ƙaya da yankan lauje. Wurin da nake yankan ciyawar nan yau shaguna ne da masu cajin waya, ko tsinke ɗaya ba ka samu ka sakace haƙori.

Babanmu maɗinkin manyan riguna ne, masu adon aska biyu da aska takwas, malamai da attajirai ke kawo masa aiki. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, ko ƙuda ya sauka a kan rigar da yake ɗinki sai ya yi tsaki. Irin wannan mutum ba shi da haɗi da kare, sai dai ganuwa ta zube ta bayan gidanmu, kura ta samu hanya, ta ɗauke mana akuya har sau biyu. Dole ta sa ya karɓi ɗan kwikwiyo daga wani maharbi na ƙauye, aka sa masa suna Barsu. A birni a lokacin kare ba abin so ba ne. In ya sa baki a ƙwarya sai wanki bakwai, in ya goge ka sai ka sake riga kafin salla. Ba mai kula da lafiyarsa. In ƙazuwa ta cinye masa gashi a ce ai kare ne, in kaska ta cika masa kunne a ce ai kare ne, in ya fara kwantsa da karkarwa a jefe shi ya fita bayan ganuwa ya mutu can. Ni kaɗai a gidanmu nake zama in cire wa Barsu kaska in jefa a wuta, in shafa masa man kaɗanya a inda ƙazuwa ta ci. Na sha duka a kan haka ba adadi. Kowa a unguwa ya san in ana neman ƙaramin yaron gidan maɗinki, a duba gindin rumbu wajen kare.

Yayana ba haka yake ba. Shi ne ɗan fari, ya girme ni da kamar shekara huɗu, yaro mai sanyi, kullum da alwala, kullum da allo a hammata. Tun da aka yaye shi kakarmu Iya ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi, har ana ce masa Na-Iya. Innarmu kuwa, wadda ta haife shi, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, ba ta haɗa ido da shi. In ya shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a madafi. In za ta ba shi tuwo sai ta ajiye a bakin turmi ta ce da ni, "Ga na mutane can." Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kowace mace ta san da ita, amma ta Inna ta fi ta kowa. Misali ake kafawa da ita, tsofaffi su ce wa amare, ku je ku ga matar maɗinki, shekara goma ko sau ɗaya ba a ji ta kawo maganar ɗanta ba. Ita ma tana jin daɗin yabon, mu ma muna ji. Muddin Iya na raye ba abin da ya rasa. Da ta rasu, sai ya koma kwana a zaure tare da yaran ɗinkin Baba, ya zama in ƙaya ta soke shi ba shi da wanda zai nuna wa.

Da bazarar wata shekara mai shela ya zagaya unguwanni yana cewa mahaukatan karnuka sun yi yawa. Wai duk mai kare ya ja shi ya kai wa ma'aikatan dabbobi a wajen Ƙofar Doka a yi masa allura, wanda kuma kare ya ciza a kai shi asibiti kada a kwana. Na ruga na gaya wa Baba, har da cewa ni zan riƙe igiyar. Ya ɗago daga ɗinkinsa ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Ni? In ja kare a igiya in ratsa gari, in wuce ƙofar masallaci, mutanen da nake yi wa riguna suna kallona? Kai, tashi ka ba ni wuri." Na ce to a bar ni in kai shi ni kaɗai. Ya ce ɗan wa za a ce? Maganar ta mutu a nan. Shi ya sa da yarinyar nan likitar dabbobi ta ce ba mu sani ba, na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Har ƙofar gida aka zo aka gaya mana.

Ba a daɗe ba Barsu ya canza. Ya daina cin abinci, ya shige ƙarƙashin rumbu, yana kai wa iska cizo, yana gwaguyar turken awaki har bakinsa ya yi jini. Muryarsa ta dishe, yawu na dalala. Ranar da abin ya faru ina bakin ganuwa wajen ciyawa, ban gani da idona ba, Inna ce ta ba ni labari da bakinta bayan ni ma na yi furfura. Ta ce da hantsi gidan ba kowa sai ita, Yaya ya dawo daga makaranta ya ga karen yana haki, tausayi ya kama shi. Yaron da bai taɓa taɓa kare ba ya ɗebo ruwa a kasko ya durƙusa ya tura masa. Barsu ya kafa masa haƙori a wuyan hannu. Bai yi kuka ba. Ya ja hannun rigarsa ya rufe wurin, ya waiwaya ya ga ko wani ya gan shi, don ya san hukuncin Baba a kan kare. Sai idonsa ya faɗa cikin na Inna tana tsaye a ƙofar madafi. Ta ce, "Na kau da kai, shi ma ya kau da kai. Abin da muka saba ke nan." Kafin azahar maƙwabta suka taru da sanduna suka kashe karen, suka ja shi bayan ganuwa.

Da la'asar ta kai wa Baba fura. Ta durƙusa daga bayan ƙofar zaure, yaran ɗinki na zaune suna ji, ta tattaro duk ƙarfin da Allah ya ba ta ta ce, "Malam, karen nan fa ya taɓa yaron nan a hannu." Tana faɗa ta tashi ta koma ciki da sauri, don a ganinta ta riga ta yi abin da ba a yi. Baba ya ce, "Subhanallahi!" Ya ƙwala mini kira. Wa zai kira in ba ni ba? Matar da shekara goma ba ta taɓa kawo masa maganar babban ba, in ta ce yaron nan ai ƙaramin take nufi, abokin kare. Ya kama hannuna ya juya, ya ga wani ɗanyen ƙarzune a bayan hannun, ya kai mini ranƙwashi ya ce, "Ban hana ka ba?" Na fashe da kuka, don dama tun azahar nake kukan Barsu. Aka ce ga shi nan, ya amsa laifinsa.

Washegari da sassafe ya fito da kekensa ya ɗora ni a gaba. Inna ta ji ƙarar keken ta leƙo, ta ga wanda aka ɗora. Na tuna fuskarta sarai, ko da yake a lokacin ban san abin da nake gani ba. Ta ce, "Malam, da an haɗa da ɗayan." Baba ya ce, "Wane ɗayan? Biki za mu? Bar shi ya tafi makarantarsa." Yaran ɗinki suka yi 'yar dariya. Ta ja mayafinta ta koma. Yaya na tsaye a gefe da allonsa, hannun rigarsa a sauke har kan yatsu, yana kallon ƙasa.

A asibiti wani malamin asibiti ne ya duba ni, mutumin wajen Wusasa, dogo mai magana a hankali. Ya juya hannuna ya ce, "Malam, wannan bai yi mini kama da haƙori ba." Ya tambaye ni, "Kare ya cije ka?" Na ce a'a, amma yana lasata. Gaskiya na faɗa. Ya ce to ko yawun ne ya shiga ciwo ya isa, gara a yi. Sannan ya dubi Baba ya ce, "Akwai wani kuma a gidan da ya kusanci karen? Ku tuna da kyau." Baba ya ce, "Babu. Babban ko kallon kare ba ya yi." Aka kwantar da ni aka ɗaga mini riga. Allurar wancan zamani a ciki ake yin ta, gefen cibiya, kuma ba ta yini ɗaya ba ce, kullum sai an koma har ka rasa inda ba a soka ba. Cikina ya yi rudu-rudu da kumburi, ko tari na yi sai na yi hawaye.

Amma fa na sha gata, abin da ya fi ci mini rai ke nan in na tuna. Ni da ban taɓa hawa keken Baba ba, ga ni kullum a gaba muna ratsa Ƙofar Doka, iska na dukan fuskata. A hanyar dawowa ya saya mini ƙosai mai zafi. In mun iso unguwa in ɗaga riga in nuna wa yara kumburin, in ce musu allurar ta kai tsawon kara, su riƙe baki. An ɗauke mini yankan ciyawa, aka ɗora wa Yaya. In cikin ya hana ni tafiya shi yake goya ni ya kai ni bayan gida, ya tallabe ni da wannan hannun, yana cewa, "Sannu, ƙanena, saura kaɗan." Wallahi ko sau ɗaya bai ce mini komai game da hannun ba.

Inna ba ta zauna haka kawai ba. Ashe kafin a ja gawar karen ta sa an yanko mata gashin jelarsa, don tsofaffi na cewa in an ƙona shi an shafa a cizon, dafin ba ya tafiya. Ta ƙona ta kwaɓa da man kaɗanya ta ƙulle a ganye, ta kira ni madafi ta ce, "Kai wa wancan. Ka ce ya riƙa shafawa." Na kai masa a bayan rumbu. Ya karɓa ya daɗe yana kallon ƙullin, sannan ya ce, "Ita ta ba ka? Da kanta?" Na ce i. Ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba tun rasuwar Iya. Ban tambayi abin da zai shafa wa ba, hankalina na kan ƙosai. Ciwon ya kame, ya warke, ya bar ɗan tabo. Inna ta ce da ta hango tabon daga nesa ta yi sujada ta gode wa Allah. Ta ce kullum ta kwana da niyyar gobe za ta faɗa wa Malam dalla-dalla, gobe in ta zo sai ta ga ai yaron yana cin tuwonsa yana zuwa makaranta, kuma da wane baki za ta ce duk wahalar da aka sha a kan wanda ba shi ba aka sha ta?

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, har dawa ta kai gwiwa. Wata safiya Yaya ya ce hannunsa na yi masa ƙaiƙayi da zugi, jikinsa ya yi zafi. Aka ce zazzaɓin damina ne, aka dafa masa sabara. Kwana kaɗan bayan haka ya ɗauki buta zai yi alwala, ruwan na zuba a tafinsa sai ya yi jifa da butar, maƙogwaronsa ya shaƙe, idanunsa suka firfito. Yaron da ba ya rabuwa da alwala ya koma ko motsin ruwa a randa ya ji sai jikinsa ya ɗauki ɓari. In hadari ya taso, indararo ya fara zuba, sai maza biyu sun danne shi. Ga ƙishirwa na cinsa, yana roƙon ruwa, in an kawo ya kasa ko kallonsa. Aka mai da shi tsohon ɗakin Iya aka toshe taga da tabarma.

Baba ya hau keke ya je ya roƙo malamin asibitin nan ya zo har gida. Mutumin ya shiga ɗakin bai daɗe ba ya fito, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Malam, akwai tabon haƙori a wuyan hannunsa. Yaushe kare ya cije shi?" Baba ya ce, "Wannan? Ai ba shi ba ne. Ga wanda kare ya taɓa nan, kai ka yi masa allura." Ya nuna ni. Tsakar gidan cike take da maƙwabta 'yan dubiya. Sai muka ji muryar Inna daga ƙofar madafi, ba mayafi a kanta, tana cewa, "Shi na ce maka, Malam. Shi nake nufi. Shi na ce a haɗa da shi." Baba ya dube ta, ya dube ni, ya zauna a kan turmi. Ya ce a yi masa allurar yanzu, ko nawa ce a yi. Malamin ya girgiza kai ya ce in ciwon ya riga ya bayyana allura ba ta da sauran amfani, sai dai a rage masa wahala.

Duk idanun da ke gidan suka dawo kaina. Ba wanda ya ɗora mini laifi, ba wanda ya taɓa ɗorawa har yau. Amma na ji hannuna ya kai kan cikina da kansa, inda kumburin ya daɗe da sacewa, na ja rigata ƙasa ina so in ɓoye shi. Ƙosan nan da na ci, keken nan da na hau, rigar da na yi ta ɗagawa a gaban yara, duk suka dawo mini. Na haifi 'ya'ya, na ga jikoki, na ga 'ya'yan jikoki, kuma ba ranar da zan tuɓe riga in yi wanka ban ji cewa maganin wani na sha ba. Ban riƙe Inna a zuciya ba, ban riƙe Baba ba. Abin da aka koya musu suka yi, kuma abin da aka yabe su a kai ke nan.

Ciwon yakan sake shi jefi-jefi, hankalinsa ya dawo tas kamar ba shi ba. Ranar ƙarshe da hantsi ya samu irin wannan sauƙin. Mata na zaune a tsakar gida, ina rakuɓe a bakin ƙofar ɗakin. Inna ta taso daga madafi ta ratsa ta tsakiyarsu. Wata tsohuwa ta kama mata zani ta ce, "Ke, ina za ki? Ɗan fari ne fa." Ta fizge zaninta ta shiga. Ta durƙusa a gaban tabarmarsa, ta kama hannun mai tabon ta riƙe da hannu biyu, ta kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna.

"Lawal. Muhammadu Lawal."

Ya buɗe ido yana dube-dube, ya kalli ƙofa, ya kalli bango, yana neman mai kiran. Da ya gane daga bakin da sunan ya fito, sai ya tsaya yana kallonta, leɓunansa a bushe sun tsattsage. Da ƙyar muryar ta fito.

"Na'am, Inna. Ashe kin san sunana?"

Kafin azahar aka fita da shi zuwa makwancinsa.